Jan Biron Tsohon Farfesa

Tun daga shekarar 2012 doka ta tsayar da cewa farfesa a jami'o'in Nijeriya zai ajiye aiki idan ya cika shekara 70. Kafin nan 65 ne. Ranar da wa'adi ya cika albashi ya tsaya, a koma lissafin fansho, a miƙa makullin ofis. Sai dai akwai 'yan ƙalilan da jami'a kan ce ba ta yarda su tafi ba. Sashensu ya rubuta sunansu ya aika tsangaya, tsangaya ta tura majalisar dattawan jami'a, ita kuma ta miƙa wa majalisar gudanarwa, daga nan a sanar, galibi a bikin yaye ɗalibai, cewa wane ya zama Farfesa Emeritus. Kowace jami'a da nata sharuɗɗa, amma inda suka haɗu shi ne mutum ya daɗe a kujerar farfesa, ya yi rubutun da ake komawa gare shi, ya yaye masu digiri na uku, kuma bai bar abin kunya a baya ba. Muƙamin rai da rai ne. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, likitan nan na Jami'ar Maiduguri, da shi ya koma ga Mahaliccinsa a 2023. Muƙamin ba ya zuwa da shugabancin sashe ko na tsangaya. Abin da aka saba haɗawa da shi shi ne ɗaki a sashe, da izinin shiga laburare, da damar ci gaba da duba aikin ɗalibai masu neman manyan digiri.

Wannan dama ta ƙarshe ita ta fi nauyi a wurina, ko da yake ita ce ba a cika ambatawa a wurin biki ba. Jama'a su ga doguwar riga da hula, su ji mai gabatarwa yana jero littattafai da muƙamai, sai su ɗauka tukuici ne kawai ake ba dattijo don ya yi wa jami'a bauta. Tukuici ne, kuma ya ci a ba shi. Amma jami'ar da ta san ciwon kanta, kanta take yi wa tanadi. Akwai wata gwaninta da ba ta cikin manhaja, ba a ba da takardar shaida a kanta, kuma ba ta nuna sai mutum ya yi shekara talatin ko arba'in yana yin ta, wato duba kundi. Ɗalibi ya kawo shafi ɗari uku, malami ya karanta, ya gane inda aikin ya tsaya da ƙafarsa da inda yake ɗingishi, sannan ya san yadda zai faɗa wa mai shi har ya gyara da hannunsa, ba tare da ya karaya ba. A baki ba wuya. Je ka tambayi wanda ya taɓa karɓar kundinsa bayan wata shida ba a taɓa komai a ciki ba sai waƙafi da aya, zai gaya maka ba kowane mai digiri ne ya iya ba.

Abin da za ka fara lura da shi idan ka zauna kusa da gwani shi ne ba ya fara karatu daga farko. Kifa kundin yake yi, ya buɗe manazarta. Kafin shayinsa ya huce ya san rabin labarin. Idan aikin kan aikatau na Hausa ne, ya duba bai ga maƙalar Parsons ta 1960 ba, wadda ta kasa aikatau aji bakwai, ya san ɗalibin nan daga bakin wasu ya ji, bai je tushe ba. Idan ya ga an rubuta Bargery 1993, ana kuma kafa hujja da shi kan Hausar da ake yi yau, ya san ba a gane cewa wancan sake bugu ne da aka yi a Zariya ba. Ƙamusun kansa na 1934 ne, kuma da yawa cikin waɗanda aka ɗebi kalmomin daga bakinsu an haife su tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Akwai kuma kuskuren da ke yawo. Wani ya rubuta sunan marubuci ba daidai ba, ko ya saka shekarar da ba ita ba, sai kuskuren ya riƙa tsallakawa daga wannan kundi zuwa wancan shekara da shekaru. Matashin malami ba zai gane ba, don shi ma haka ya tarar. Dattijo kuwa ya riƙe littafin a hannunsa, ya san kalar bangonsa. Da ya ga kuskuren ya san an kwafo sunan ne ba a buɗe littafin ba, wani lokaci ma ya tuna kundin da aka kwafo daga ciki.

Daga manazarta sai ya kira mai kundi. Na taɓa zama a gefe ina kallon irin wannan haɗuwa. Ɗalibin malami ne a wata kwalejin ilimi, magidanci, furfura ta fara fito masa a gemu, aikinsa kuwa kan waƙoƙin makaɗan fada ne. Dattijon ya ɗora tafin hannunsa a kan kundin a rufe, ya ce:

"Malam, rufe naka ma. Gaya mini da baki, me ka gano?"

"Allah ya gafarta Malam, wannan bincike ya yi ƙoƙarin nazarin salo da sarrafa harshe a cikin..."

"Wannan take ne, na gan shi a bango. Me ka sani yau wanda ranar da ka fara ba ka san shi ba?"

Ɗalibin ya yi shiru, ya gyara hula, ya dubi ƙasa. Dattijon bai taimake shi ba, bai kuma matsa masa ba. Can sai ya ce, cikin murya irin ta mai neman afuwa, akwai dai wani ɗan abu da ya lura da shi: a waƙoƙin da ya tattara, idan makaɗi zai yi wa abokin hamayyar sarki zambo, sau da yawa yakan ɗauko maganar ne ya ajiye a tsakiya, 'yan amshi su ƙarasa wurin da ke da zafi.

"Yana shafi na nawa?"

"A ƙarshen babi na biyar ne, ranka ya daɗe. Layi uku ne kawai."

"To, kundinka layi uku ne, sauran rakiya suka yi. Koma ka ƙirga mini sau nawa hakan ya faru, a waƙar wa da wa, da inda bai faru ba. Musamman inda bai faru ba."

Zaman bai kai rabin sa'a ba, amma a nan aikin ya samu ƙashin baya. Abin lura shi ne dattijon bai ba shi komai daga aljihunsa ba. Abin na ɗalibi ne, shi ya gano shi, ya binne shi a ƙarshen babi don yana ganin bai kai girman da za a kira shi sakamakon bincike ba. Aikin malamin irin na maɗori ne: ya bi gaɓar da yatsa a hankali, ba ya taɓa inda ke lafiya, sai ya kai daidai wurin sannan ya danna. Umarninsa na ƙarshe ma darasi ne mai zaman kansa. Ɗalibi yakan so ya tara misalan da suka goyi bayansa, ya kau da kai daga sauran. Gwani ya san mai jarrabawa na waje daga sauran zai fara, kuma ya san gaskiyar bincike sau da yawa a can take kwance.

Babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, nan ne jan biro ya fi zuba. Duk wanda ya saba da kundayenmu ya san ciwon: wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, kowane sakin layi ya ƙare da cewa wannan aiki yana da alaƙa da nawa amma sun bambanta. Shafi hamsin a haka. Ba a kama kowa da kuskure ba, ba a haɗa mutum biyu an ga inda suka saɓa ba. Tarbiyyarmu ce ta shigo ciki, don yaro ba ya cewa babba ya yi kuskure, kuma tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Amma kundi ba muhallinta ba ne. A nan dattijo yana da wani makami da matashi ba shi da shi, domin sau da yawa shi kansa yana cikin waɗanda ake bita. Zai iya jan layi ƙarƙashin sunansa ya rubuta a gefe: abin nan da na faɗa shekara talatin da suka wuce, bayananka sun yarda da shi? Ranar da ɗalibi ya ga malaminsa ya ba shi izinin saɓa masa, da ladabi da hujja, ranar ya fara zama mai bincike.

Sai bayanan da aka tattaro. Idan waƙar baka ce, tambayar gwani ta farko ita ce ko ɗalibi ya saurara da kunnensa, ko kuwa daga rataye na wani kundi ya ɗebo. Yana ganewa ba sai an gaya masa ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Hausar yamma suka yi waƙa. Idan ya ga an rubuta waƙoƙinsu da "yana" a inda bakin makaɗin zai ce "shina", ya san an wanke waƙar an mai da ita daidaitacciyar Hausa, kuma duk nazarin da za a ɗora a kai, na kari ne ko na zaɓen kalmomi, a kan abin da makaɗin bai faɗa ba aka ɗora shi. Haka idan ba a raba abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka karɓa ba, ko an haɗa gindin waƙa da ɗiyanta wuri guda. Idan aikin na tarihi ne, zai tambayi wanda aka yi hira da shi ɗan wane gida ne, don ya san labarin sarauta ɗaya yakan fito da fuska biyu daga gidaje biyu na gari ɗaya. Idan na rubutun ajami ne, zai so ya san hannu nawa takardar ta bi, wa ya kwafa, daga ta wa.

Abin da ya fi burge ni, duk da haka, shi ne abin da gwani yake ƙin taɓawa. Sabon dakta idan aka ba shi ɗalibinsa na farko, yakan yi ɗaya cikin biyu: ko ya cika kowane shafi da ja har mai shi ya kasa gane babban kuskure daga ƙarami, ko ya zauna ya sake rubuta aikin da kansa don ya fi sauri. Niyya ce mai kyau, amma na farko yana kashe zuciya, na biyu yana fitar da dakta wanda bai taɓa gyara aikinsa ba. Dattijo yakan gyara shafi biyar na farko dalla-dalla, har ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, har inda aka haɗa "ba ya" aka mai da ita "baya", sannan ya ja layi ya rubuta cewa sauran a bi su haka. Daga nan gefen shafukan ba ka ganin komai sai alamar tambaya nan da can, ko "ina hujja?", ko "wa ya gaya maka?" Yana kuma karanta mutum kamar yadda yake karanta takarda. Akwai ɗalibin da ke da abin faɗa amma tsoro ya hana shi. Wannan sai an nuna masa shafin da ya yi kyau tukuna. Akwai mai kaifin baki da ke ganin ya gama tun bai fara ba. Wannan sai a aika shi ya karanto littafi ɗaya da zai rage masa gudu. Akwai matar da ke haɗa karatu da goyo da aikin koyarwa, wadda ba ƙarin shawara take bukata ba, wa'adi take bukata wanda za ta iya cikawa. Kuma gwani ya san ranar da aiki ya isa. Wasu ɗaliban ba sa son saki, kullum akwai wani dattijo da ba a yi hira da shi ba. Sai malami ya ce musu wannan na littafi ne bayan digiri, yanzu a kai a ɗaure.

Me ya sa sai tsoho? Ba don furfura ba. Ya ga ɗaruruwan kundaye, nasa da waɗanda aka gayyace shi jarrabawa a Sakkwato da Zariya da Kano da Maiduguri da Katsina, ya san hanyoyin da aka bi ba su ɓulle ba. Ɗalibi ya zo da take yana murna, ya ce masa an yi wannan tun shekarun 1980, kundin yana kan kanta a laburaren sashe kaza, ba ya intanet, je ka karanta ka dawo. Ya san gidan da ke da tsofaffin takardu, da wanda za a bi ta hannunsa kafin a buɗe maka adaka. Waɗanda ke ajiye aiki a shekarun nan su ne suka zauna gaban mutanen da suka kafa karatun Hausa a jami'a, irin su Ɗalhatu Muhammad a Zariya, da M. K. M. Galadanci da Ibrahim Yaro Yahaya a Kano. Abin da suka ji a waɗannan azuzuwa ba duka aka rubuta ba. Sannan akwai 'yanci. Ba ya neman ƙarin girma, ba ya bukatar a saƙala sunansa a maƙalar ɗalibi, ba ya cikin takarar shugabancin tsangaya, ba taron kwamiti da ke jiransa ƙarfe goma. Zai iya ba babi ɗaya yini guda.

Tarihin karatun Arewa ma silsila ce ta masu dubawa da waɗanda aka duba. Abdullahi Smith, wanda ya kafa cibiyar Arewa House a Kaduna a 1970, shi ya duba aikin Murray Last a Jami'ar Ibadan, aikin da ya fito littafi a 1967 kan Daular Sakkwato, shi kuma ya duba na Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina. Last bai tsaya ga Smith kaɗai ba, ya zauna Sakkwato yana karatu cikin littattafan Waziri Junaidu, daga baya shi kansa ya zama Emeritus a Landan, bai kuma daina zuwa Arewa ba don ya ajiye aiki. Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digiri na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 kan Mamman Shata, lokacin da mutane da yawa ba su ɗauki kalangu abin kaiwa jami'a ba, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 1986 zuwa 1991, ya kuma zama Emeritus a cikinta. Wanda ke shakkar ko ƙwaƙwalwa tana aiki bayan saba'in ya dubi Paul Newman, daraktan farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano. Yana Emeritus a Indiyana shi da Roxana Ma Newman suka fitar da sabon ƙamus da Jami'ar Bayero ta buga a 2020, a 2022 kuma, yana da shekara 85, ya fitar da littafin tarihin harshen Hausa. Da abokin aikinsa Russell Schuh ya rasu a 2016 ya bar babban aiki kan harsunan Cadi bai kai ga bugawa ba, Newman ne ya zauna ya tace rubutun har ya fito a 2017. Duba kundi ke nan, a inda mai kundin ba ya nan balle a tambaye shi abin da yake nufi.

Mu da muka taso muna ganin malaman zaure ba mu da dalilin ganin abin baƙo. Ba wanda ya taɓa ce wa malamin zaure wa'adinsa ya cika. Ido ya yi rauni, almajiri ya ja baƙi, malam ya tare shi daga ka idan ya tsallake kalma, kuma ba a ba da ijaza sai an zauna gaban mutum an biya. Jami'a dole ta yi ritaya, domin matasa na jiran gurbi kuma haƙƙinsu ne. Muƙamin Emeritus shi ne hanyar da ta samu ta saki kujera ba tare da ta saki malamin ba.

Ba na cewa a raba shi ga duk wanda ya kai saba'in. Akwai farfesan da ya yi suna a rubutu amma kundi yakan shekara a motarsa. Akwai wanda ba ya son ɗalibi ya faɗi abin da ba shi ya koya masa ba. Akwai kuma wanda in an bar shi a sashe zai hana sabon shugaba numfashi, komai sai an ji ta bakinsa. Rabin gwanintar Emeritus ita ce ya iya zama a ƙarƙashin ɗalibinsa na jiya, ya kira shi shugaba da zuciya ɗaya, ya ba da shawara idan an nema. Don haka ya kamata kwamitin da ke tantancewa, bayan ya ƙirga littattafai, ya nemi waɗanda mutumin ya yaye ya tambaye su wata nawa babi yake yi a hannunsa, da kuma abin da sukan tarar a gefen shafi idan ya dawo.

Ɗaya ɓangaren ya fi ƙona mini rai: a naɗa mutum a gaban jama'a, a watse, ya zo sashe ya tarar ba inda zai zauna. A 1962 jami'a biyar ce a Nijeriya, yanzu sun haura 250, kuma kusan kowacce tana son ta buɗe digiri na biyu da na uku. Wanda ya kare nasa kundin bara, bana an jibga masa ɗalibai, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yi. Abin da sashe zai yi ba mai tsada ba ne. A ba dattijo ɗaki a ƙasa, ba a saman bene ba, don gwiwa ta fara magana. A tsayar masa da rana ɗaya ko biyu a mako, a ba shi kuɗin mai. Kada a tara masa ɗalibai, biyu ko uku sun isa. Kuma kowane ɗalibi a haɗa shi da matashin dakta a matsayin mai dubawa na biyu, da sharaɗin duk ranar da za a zauna kan babi, daktan ya karanta nasa kwafin tukuna, ya yi nasa jan biron, sannan ya zo a ajiye kwafi biyun gefe da gefe, a bi su shafi bayan shafi, ya ga abin da ya ja wanda dattijo ya bari, da abin da ya tsallake wanda dattijo ya tsaya a kai, ya kuma tambayi dalili.